Tambayoyinku: Wai baƙin rami yana feshi, kuma da dish ake gane shi?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan baƙin rami suke, bilak hol ɗin nan, musamman maganar feshin da ke fita daga gefensa, don haka na tattara su wuri ɗaya. Wasu na gajarta su saboda tsawo, a yi haƙuri.

Tambaya daga wani malamin firamare a Funtuwa: Malam ana cewa baƙin rami ko haske ba ya kuɓuce masa, sai kuma na ji wai yana feso wani abu waje da gudun da ya kusa na haske. To wanne za mu ɗauka?

Duka biyun za ka ɗauka malam, ba su ci karo ba. Abin da ya tsallaka iyakar ramin ya tafi ke nan, ba shi ba dawowa. Amma feshin ba daga ciki yake fitowa ba, daga waje yake tasowa, dab da iyakar, tun abin bai kai ga faɗawa ba.

Ga yadda abin yake. Taurari da yawa bibbiyu suke, suna zagaya juna, to in ɗayan ƙato ne sosai ya ƙare rayuwarsa ya rufta ya zama baƙin rami, ɗayan yana nan yana ci gaba da zagayawa, sai ramin ya riƙa janyo iskar gas daga jikin abokin nasa. Gas ɗin ba ya faɗawa kai tsaye, sai ya yi faifai yana juyawa yana gugar juna har zafinsa ya kai miliyoyin digiri, a nan ne yake fitar da hasken eksire, irin dai wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Ta wannan hasken aka fara gano su. Cygnus X-1 shi ne babban misali, a 1964 aka hango eksire ɗinsa da na'urar da aka harba a roka, nisansa kimanin shekarar haske 7,200 (shekarar haske ita ce nisan da haske ke ci a shekara ɗaya), nauyinsa ya kai na rana sau 21, kuma shi da ƙaton tauraron da yake tatsa suna kammala zagaye duk kwana 5.6. Amma duk wannan nauyin, daga tsakiyar ramin zuwa iyakarsa kilomita 60 ne da 'yan kai. Shi ne ma wanda masana fiziks Stephen Hawking da Kip Thorne suka ci caca a kansa a 1974, Hawking ya ce ba baƙin rami ba ne, a 1990 ya sallama.

To cikin gas ɗin da ke gangarowa, wani kaso ba ya shiga, sai a karkatar da shi ya fita ta sama da ƙasan faifan, tsiri biyu siriri, ɗaya nan ɗaya can. Masana kusan duk sun yarda maganaɗisu ne ke wannan aikin. Inda suke jayayya shi ne daga ina ƙarfin yake zuwa, Blandford da Znajek a 1977 suka nuna ana iya zuƙo shi daga juyawar ramin kansa, Blandford da Payne a 1982 suka nuna faifan ma zai iya wurgo gas ɗin. Har yau ana kan wannan muhawarar. Kuma kada ka raina feshin, na Cygnus X-1 ya hura wani ƙaton kumfa a cikin gas ɗin da ke kewaye da shi, faɗinsa wajen shekarar haske 15.

Tambaya daga wata ɗalibar fiziks a Zariya: Yaya don Allah ni abin da ya ɗaure min kai, ta yaya mutum yana zaune a duniya zai ce ga inda maganaɗisu ya fuskanta a wani wuri mai nisan dubban shekarun haske? Na ji ana cewa folarizeshon na rediyo, amma ban gane haɗinsu ba.

Ƙanwata kin taɓo inda aikin yake, bari in ɗan ja da tsawo a nan.

Kin taɓa tsayawa kusa da mai saita dish yana shigar da lambobi a risiba? Bayan firikwensi akwai inda zai zaɓi H ko V, in ya sa V a tashar da take H sai ki ga sigina ta ɓace ɗif alhali dish ɗin bai motsa ba. Wannan shi ne folarizeshon. Igiyar rediyo tana tafiya gaba amma tana kaɗawa gefe, ko a kwance ko a tsaye ko a karkace, kuma ana iya auna wace fuska take kaɗawa. Masu tauraron ɗan adam da gangan suke zaɓar fuskar don su cusa tashoshi biyu a firikwensi ɗaya. A sararin samaniya ba mai zaɓa, abin da ya haifi igiyar shi yake ba ta fuskarta.

Abin da ke haifar da rediyon feshin nan kuwa ilektoron ne, ƙananan ƙwayoyin nan masu ɗauke da lantarki, masu gudu dab da gudun haske. In irin wannan ilektoron ya shiga filin maganaɗisu ba ya iya tafiya miƙe, sai ya riƙa nannaɗe layin maganaɗisun yana tafiya, kuma duk lanƙwasar da ya yi sai ya fitar da haske, ana ce masa hasken sinkirotoron. Abin daɗin shi ne wannan hasken yana fitowa yana kaɗawa a gicciye da layin maganaɗisun, digiri 90 tsakaninsu. Kin ga ke nan in na auna fuskar kaɗawar a nan duniya na juya ta da digiri 90, na samu inda maganaɗisun ya miƙe a can, ba tare da na je ba.

Abu biyu ake aunawa. Na farko kusurwa, na biyu kaso, wato kashi nawa cikin ɗari na hasken ne ya yarda ya kaɗa fuska ɗaya. In layukan maganaɗisun duk a jere suke tsaf, lissafi ya nuna kason zai iya kai wa kashi 70 zuwa 75. In kuwa a cukurkuɗe suke, wannan ya nufi gabas wancan ya nufi arewa, sai su kashe juna kason ya sauko kusan sifili. A aikace yawanci abin da ake samu 'yan kashi ne ƙalilan. Akwai lokacin da aka dace, wani baƙin rami mai suna Swift J1745-26 da ya tashi, wato ya yi haske kwatsam, a 2012 an auna masa har kusan kashi 50, wanda ke nuna maganaɗisu mai tsari sosai a cikin dunƙulen gas ɗin da ya feso. Shi kuwa V404 Cygni, da ya yi wata irin tashi a watan Yunin 2015 har duk masu na'ura suka juyo kansa, abin da aka samu a rediyonsa bai wuce wajen kashi 1 ba duk da ƙarfin haskensa.

Ita kusurwar kuma ana gwada ta ne da inda feshin ya dosa. In dunƙule mai sauri ya tarar da wanda ke gabansa suka yi karo, gas ɗin yana matsewa, maganaɗisun ya baje a gicciye da hanyar tafiya, sai ki ga igiyar rediyo tana kaɗawa daidai da tsawon feshin. In kuma maganaɗisun ya miƙe ne tare da feshin sai kaɗawar ta zo a gicciye. Saboda haka ko da na'urar ba ta iya raba feshin ba, ɗigo ɗaya kawai take gani a hoto, wanda shi ne abin da ya fi faruwa, kusurwar nan tana iya gaya miki abin da ke gudana a cikin ɗigon. Ni a ganina wannan ne ya sa folarizeshon ya fi hotuna masu kyau da ake yaɗawa a Facebook amfani, yawancin hotunan nan zane ne na mai zane ba abin da na'ura ta ɗauko ba.

Amma fa akwai tarko, kuma ba ɗaya ba. Babbansu shi ne juyin Faraday. Tun 1845 Michael Faraday ya gano cewa maganaɗisu na iya murɗa fuskar haske, to igiyar rediyon nan kafin ta iso mana ta ratso dubban shekarun haske na siririn gas mai ɗauke da ilektoron da maganaɗisu, duk suna murɗa ta a hanya, har saman iskar duniyarmu ma yana ƙara nasa kuma nasa yana canzawa tsakanin dare da rana. Kusurwar da ta iso dish ba ita ce wadda ta baro gida ba. Sa'ar da aka yi ita ce murɗawar tana bin ƙa'ida, in tsawon zango, wato tazarar da ke tsakanin tudun igiyar da na gaba, ya ninka biyu murɗawar tana ninka huɗu, don haka sai a auna a zanguna da yawa a lokaci ɗaya a ja layi a koma baya a gano asalin kusurwar. MeerKAT, tarin dish na binciken sama a Afirka ta Kudu, misali tana da risibar da ke ɗauka daga megahaz 856 zuwa 1,712, kin ga ninki biyu cif, ya isa a ga murɗawar ƙarara. Kuma murɗawar kanta ba asara ba ce, tana gaya mana yawan gas da maganaɗisun da ke kan hanya, in ma ta canza cikin 'yan kwanaki to kusan tabbas a kusa da ramin canjin ya faru, don gas ɗin tsakanin taurari ba ya sauyawa da wannan saurin.

Tarko na biyu, a gindin feshin inda gas ya yi kauri yana shanye haskensa da kansa, kason ba ya wuce wajen kashi 10, kuma kusurwar tana juyawa da digiri 90. Wanda bai lura ba sai ya karanta maganaɗisun a baibai. Shi ya sa sai an fara duba yadda ƙarfin rediyon yake hawa ko sauka daga zango zuwa zango kafin a ce uffan.

Na uku shi ne na'urar kanta tana yoyo, wani ɗan kaso na hasken da ba shi da fuska yana zubowa cikin ma'aunin folarizeshon, to in abin da kike nema kashi 1 ne kuma yoyon na'urarki ya kusa haka, ai kin ga matsala. Dole kowane zama sai an juya dish zuwa wani abu da aka riga aka san halinsa, wanda aka fi amfani da shi shi ne 3C 286, kasonsa wajen kashi 10 ne kusurwarsa kuma digiri 33 kuma ya daɗe a haka bai cika motsi ba. Gaskiya rabin aikin masu wannan fannin a nan yake ƙarewa, gyaran awo, ba kallon sama ba. Saboda haka in kin ga an ce kason ya yi ƙasa kada ki yi saurin cewa maganaɗisun ba shi da tsari, mai yiwuwa dunƙule biyu ne masu kusurwa daban suka haɗu a ɗigo ɗaya suka kashe juna, ko kuma murɗawar Faraday ce a cikin feshin kansa ta goge shi.

Akwai kuma wani nau'i da igiyar ke kaɗawa tana juyawa da'ira, shi wannan ya fi rauni, yawanci ƙasa da kashi 1, an same shi a wasu masu feshin biyu, SS 433 da GRS 1915+105, a farkon shekarun 2000 da na'urar ATCA ta Ostireliya. Ana kwaɗayinsa ne saboda yana iya taimakawa a gane ko feshin ilektoron da furoton ne ko kuwa ilektoron da kishiyarsa fositoron.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi: Malam an ce ba abin da ya fi haske gudu, amma ɗana ya nuna min a waya wai an ga feshin da ya fi haske sauri. Turawan nan sun canza magana ne?

Alhaji ba su canza ba, ido ne ake yaudara. A 1994 Félix Mirabel da Luis Rodríguez suka yi amfani da VLA, dish 27 da ke jihar New Mexico a Amurka, suka bi dunƙulen da GRS 1915+105 ya feso, sai suka ga kamar ɗayan yana ratsa sama da gudun da ya fi na haske da kashi 25 cikin ɗari. Shi ne karo na farko da aka ga haka a cikin tarin taurarinmu. Dalilin shi ne dunƙulen yana tahowa ne ta ɓangarenmu a karkace, yana bin bayan hasken da shi kansa ya fitar, kusan yana taka masa dunduniya, to hasken da ya fitar yau da wanda ya fitar bayan wata ɗaya sai su iso mana a matse, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai wata ba. Mu kuma sai mu raba nisan da ya yi da gajeren lokacin da muka gani, lissafi ya ba mu gudun da ya wuce gaskiya. A lissafinsu na lokacin ainihin gudun kashi 92 ne na gudun haske, daga baya da aka sake auna nisan tauraron aka ga ya fi kusa sai lambobin suka ɗan sauko. Ka gaya wa yaron ya ci gaba da bincike, yana kan hanya.

Tambaya daga wani injiniya a Kaduna: Tunda an riga an ɗauki hoton baƙin ramin M87 har da layukan maganaɗisunsa, me ake nema kuma a wajen waɗannan ƙananan?

Lokaci ake nema ranka ya daɗe. Na M87, wanda ke tsakiyar wani tarin taurari daban da namu, nauyinsa na rana sau biliyan 6.5 ne, hoton folarizeshon ɗinsa da aka fitar a Maris 2021 ya nuna maganaɗisu mai tsari dab da ramin, abu ne babba ba shakka, amma ƙato irin wannan kafin ya sauya hali gaba ɗaya sai an yi dubbai ko miliyoyin shekaru, kai dai hali ɗaya za ka gani a rayuwarka. Ƙananan kuwa masu nauyin rana 10 ko 20 a cikin 'yan watanni suke yin komai a gaban idonka. Yawancinsu shiru suke shekara da shekaru, sai kwatsam su tashi, da farko eksire mai ƙarfi tare da ɗan feshi mai ɗorewa, in faifan ya cika ya mamaye sai a ga an wurgo manyan dunƙule, daga nan feshin ya mutu, in abin ya fara lafawa kuma ya dawo. An ga wannan jerin sau da yawa a taurari daban-daban. MAXI J1820+070 da ya tashi a Maris 2018 an bi dunƙulensa da MeerKAT da wasu na'urori na tsawon watanni yana nisa da ramin. V404 Cygni kuwa a 2015 an ga fuskar feshinsa tana sauyawa cikin mintoci zuwa awanni, da VLBA aka gani, dish 10 da aka warwatsa daga Hawai har tsibiran Karebiyan. SS 433 ma yana wannan lilon amma a hankali, kwana 162 kafin ya zagayo, gudun feshinsa kashi 26 cikin ɗari na gudun haske.

Yanzu kuma an samu ƙarin ido. A Disamba 2021 aka harba IXPE, na hukumar NASA da takwararta ta Italiya, wanda ke auna folarizeshon na eksire. Da aka juya shi kan Cygnus X-1 a 2022 aka samu kashi 4, kuma kusurwar ta zo daidai da inda feshin rediyo ya dosa. Eksire ɗin daga 'yan ɗaruruwa zuwa dubban kilomita kusa da ramin yake fitowa, rediyon kuma daga can nesa ƙwarai, amma sai ga shi sun dace, wanda ke nuna gas mai zafin da ke fitar da eksire ɗin a shimfiɗe yake tare da faifan ba a tsaye yake bin feshin ba. Swift J1727.8-1613 da ya tashi a Agustan 2023 shi ma kusan haka aka samu. Ba don masu rediyo sun riga sun nuna inda feshin ya dosa ba, da wannan kusurwar ba ta da abin da za a gwada ta da shi.

Tambaya daga wata uwa a Gusau: Feshin nan zai iya zuwa ya same mu?

A'a hajiya, ki kwantar da hankalinki. Duk waɗanda na ambata na kusa a cikinsu ya haura shekarar haske 7,000, kuma shekarar haske ɗaya kilomita kusan tiriliyan 9.5 ce. Feshin yana rage gudu ya tsaya tun yana cikin unguwarsu.

Tambaya daga wani matashi mai saita dish a zangon Kumasi: Maigida ni sana'ata ke nan, in na samu babban dish zan iya kamo shi? Kuma mu nan Afirka ta Yamma muna da hannu a wannan harkar?

Abokina na gida kam ba zai kamo ba. Rediyon Cygnus X-1 a ranakun da yake zaune lafiya wajen milijanski 15 ne a ma'aunin ƙarfin siginar rediyo, wannan rauni ne da sai dish mai faɗin gomman mita ko tarin dish da aka haɗa, da risibar da aka sanyaya ta ƙwarai don kada hayaniyarta ta rufe siginar, kuma ka tuna ɓangaren folarizeshon ɗan kaso ne kawai na wannan ɗin. MeerKAT dish 64 ne kowanne mita 13.5, a hamadar Karoo inda aka taƙaita amfani da waya da duk abin da ke fitar da sigina, an buɗe ta a Yulin 2018, kuma shirin ThunderKAT da Rob Fender da Patrick Woudt suka jagoranta ya riƙa leƙa irin waɗannan taurarin kusan kowane mako in sun tashi.

Amma ku a Gana ai kuna da abin nunawa. A Kuntunse kusa da Akara akwai dish mai faɗin mita 32 wanda da na sadarwa ne, aka gyara shi ya koma na binciken sama aka ƙaddamar a Agustan 2017, kuma Gana tana cikin ƙasashen Afirka 8 da ke haɗin gwiwa da Afirka ta Kudu a babban aikin SKA na gina ƙaton tarin dish na binciken sama. Najeriya ba ta cikin takwas ɗin, sai dai tana da cibiyar binciken sararin samaniya a Nsukka, garin da marigayi Farfesa Samuel Okoye ya koyar, shi da ya yi aikin rediyon sama a jami'ar Kambirij ta Ingila tare da Antony Hewish tun shekarun 1960. In da gaske kake, hannunka ya riga ya san saiti da H da V, abin da ya rage lissafi ne da fiziks da koyon yaren kwamfuta na Python, sannan manhajar CASA da ake tace bayanan da ita kyauta ce, bayanan VLA kuma bayan wani lokaci ana sake su kowa ya sauke. Sai dai ka tanadi data mai yawa, fayil ɗaya yana iya kai gigabait gommai.